Amsoshin Wasiƙunku: Kiɗan "Ruwa Mai Gudu" Na Mutanen Sin

 

Wasiƙar da muka ɗauko yau ta fito daga hannun wani mai sauraronmu, manomi kuma mai sayar da hatsi. Ya ce a majalisarsu ta bayan sallar isha'i wani ya ba su labari wai Amurkawa sun taɓa ɗora kiɗan mutanen ƙasar Sin a kan faifai, suka harba shi sararin samaniya. Gardama ta kaure, wasu suka ce zuƙi-ta-malle ce. Shi ne yake tambaya: shin gaskiya ne? In gaskiya ne, wane irin kiɗa ne, me yake faɗa, kuma wa ake so ya ji shi a can?

To Malam, mun gode da wannan wasiƙa, kuma ka gaya wa abokan hirarka maganar gaskiya ce. An yi haka a shekarar 1977. Sunan kiɗan da Sinanci Liu Shui, wato ruwa mai gudu. Amma kafin mu je sama, bari mu fara daga ƙasa, domin in ba ka san abin kiɗan da labarin da ke bayansa ba, ko an sa maka shi a kunne ba za ka gane abin da ya sa aka zaɓe shi ba.

Abin kiɗan ana rubuta sunansa guqin, a baki kuwa gucin ake cewa, haka za mu riƙa kiransa. Ka ɗauka wani dogon allo ne siriri, tsawonsa kamar santimita 120, cikinsa a rarake. Ba shi da wuya irin na garaya ko molo, ba a kuma rataya shi a kafaɗa. Kwantar da shi ake yi a kan teburi ko a kan cinya, makaɗin yana zaune. Tsirkiya bakwai ne a miƙe a kansa, tun daga wannan kai har wancan. Hannun dama yana taɓa tsirkiya, na hagu yana danne ta a jikin allon yana zamewa gaba da baya. A gefe an dasa wasu fararen ɗige-ɗige guda 13 don makaɗi ya san inda zai sa yatsa. Jikin kuwa ana shafe shi da ƙaron wata bishiya da aka kwaɓa da garin ƙahon wata dabba dangin barewa, shafe bisa shafe, shi ya sa har yau akwai gucin da suka haura shekara dubu kuma ana kaɗa su.

Sinawa sun ba kowane sashe nasa ma'ana. Bayansa mai tudu sun ce sama ce, cikinsa shimfiɗaɗɗe sun ce ƙasa ce, ɗige 13 ɗin nan watannin shekararsu ne har da watan da sukan ƙara lokaci-lokaci. Tsoho ne ƙwarai, don a shekarar 1978 an tono kakansa mai tsirkiya goma a kabarin wani basarake da aka binne wajen shekara 433 kafin haihuwar Annabi Isa, alaihis salam.

Abin da za ka riƙe a nan, Malam, shi ne gucin ba shi da ƙara. Da can da zaren siliki ake murɗa tsirkiyarsa, sautin kuwa a hankali yake fita, wanda ke bayan katanga da ƙyar zai ji. Ba a kai shi fagen biki, babu kirari, babu liƙi. Kiɗan malamai ne da masu ilmi. A al'adarsu ta da, cikakken mutum shi ne wanda ya iya abu huɗu: kaɗa gucin, da wasan dararsu, da rubutu mai kyau, da zane. Shi kansa babban malaminsu Konfushiyas littattafai sun nuna yana kaɗa shi. Mutum yakan kaɗa wa kansa ne a ɗaka, ko ya kaɗa wa aboki guda da ke zaune dab da shi. To ka ga abin da ake kaɗa wa mutum ɗaya, ai dole a damu da wane ne wannan mutum ɗayan.

Nan ne labarin ya shigo. Wani littafi mai suna Lushi Chunqiu, wanda aka haɗa wajen shekara 239 kafin haihuwar Annabi Isa, da wani kuma mai suna Liezi, duk sun kawo zancen wani gwanin makaɗi, Boya, da wani mutum Zhong Ziqi, wanda za mu kira Zici. A tsofaffin littattafan nan labarin gajere ne. Boya yana kiɗa, zuciyarsa tana kan dogon dutse, bai faɗa wa kowa ba. Zici ya saurara, ya ce kiɗan nan ya yi tsayi kamar dutsen Tai, wanda shi ne dutsen da Sinawa suka fi girmamawa. Jim kaɗan Boya ya juya tunaninsa ga ruwa. Zici ya ce yanzu kuma manyan koguna yake ji suna malala. Duk inda zuciyar Boya ta nufa, Zici yana biye da shi. Da Zici ya rasu, sai Boya ya tsinke tsirkiyoyin, ya fasa gucin ɗin, bai sake kiɗa ba har ya koma ga Mahaliccinsa, don a ganinsa babu sauran wanda ya cancanci a kaɗa masa.

Iyakar abin da na farko suka rubuta ke nan. Amma ka san halin labari, yana tafiya yana tsintar kaya. A shekarar 1624 wani marubuci, Feng Menglong, ya fitar da shi a cikin wani littafin hikayoyi, ya yi masa gishiri da yaji, kuma wannan shi ne wanda yawancin Sinawa suka sani a yau. Mu ma shi ya fi kama mana hankali, don a cikinsa ne aka ce Zici talaka ne mai saran itacen girki.

Ga yadda ya kawo shi. Boya babban bafade ne, sarki ya aike shi wata ƙasa, yana komowa ta jirgin ruwa. Da suka iso bakin kogin Han, wajen Hanyang, daren sha biyar ga watansu na takwas, hadari ya taso, suka ɗaure jirgi a gindin wani dutse. Ruwa ya ɗauke, farin wata ya fito, Boya ya ɗauko gucin. Yana cikin kiɗa sai tsirkiya ɗaya ta tsinke. A camfinsu hakan yana nufin akwai mai saurare a ɓoye. Ya ce a duba, ko ɓarawo ne. Sai ga wani mutum da malfa da gatari, ya ce shi mai itace ne, ruwa ne ya tsare shi a nan, ya ji kiɗa ya tsaya. Boya ya yi dariya, ya ce ina mai itace ina gane kiɗan malamai? Ko wurin zama na kirki bai ba shi ba. Ya shiga yi masa tambayoyi don ya kunyata shi, mutumin nan yana ba da amsa tiryan-tiryan. Sa'an nan aka zo gwajin dutse da ruwa, ya ci. Boya ya miƙe tsaye ya nemi gafara, kafin gari ya waye sun ƙulla 'yan'uwantaka.

Boya ya ce ya biyo shi birni ya samar masa muƙami. Zici ya ce a'a, iyayensa sun tsufa, ba mai kula da su sai shi. Suka yi alkawari baɗi war haka za su haɗu a wannan wuri. Boya ya ba shi kyautar zinariya, aka rabu.

Shekara ta zagayo, Boya ya cika alkawari, ya ɗaure jirgi a inda ya ɗaure bara, ya kwana yana jira, shiru. Da safe ya hau tudu yana cigiya, ya gamu da wani dattijo, ashe mahaifin Zici ne. Tsohon ya ce ai zinariyar nan littattafai yaron ya saya da ita, da rana yana daji yana sara, da dare yana karatu, har ƙarfinsa ya ƙare, ciwo ya kama shi ya tafi. Kafin ya cika ya bar wasiyya a binne shi a bakin kogi, don kada ya saɓa alkawari. Boya ya je kabarin ya zauna ya kaɗa masa kiɗan ban kwana. Mutanen ƙauye suka taru suna kallon babban mutum da kayan alfarma, da suka ji kiɗa sai suka yi ta tafi suna dariya, su a zatonsu wasa ake yi. Wannan dariyar ce ta ƙarasa shi. Ya zaro wuƙa ya yanke tsirkiyoyin, ya ɗaga gucin ya maka a kan dutse.

Kai Malam da ka san kasuwa, ka san bambancin mai taya kaya da wanda ya san darajarsu. Mu a ganinmu, kan maganar labarin nan yana wurin mai sauraro. Gwanintar Boya ba ta ragu ba ranar da Zici ya mutu, yatsunsa suna nan yadda suke. Kunnen da zai karɓa ne babu. Daga wannan labari Sinawa suka samu kalmar zhiyin, wadda a baki take kusa da "jiyin", ma'anarta wanda ya san sauti. Kada kunnenka ya ruɗe ka, ba ta da dangantaka da "ji" namu na Hausa, dacewa ce kawai aka yi. Har gobe in Basine ya ce wane zhiyin ɗinsa ne, yana nufin aminin da ke gane abin da ke ransa tun bai buɗe baki ba. A Hanyang, wadda yanzu unguwa ce a cikin birnin Wuhan, birnin nan da sunansa ya cika duniya a 2020 saboda cutar korona, akwai wani dandali da ake kira Dandalin Gucin, an gina shi don tunawa da haɗuwar mutanen nan biyu.

In kana mamakin yadda kiɗa marar waƙa zai yi magana, ka tuna da take. Makaɗin kalangu yakan kaɗa taken wani, baƙo ya ji kiɗa kawai, amma mai taken tsigar jikinsa ta tashi. Bambancin shi ne, take an riga an san shi, kowa a gari ya haddace. Shi kuwa Zici, abin da Boya ya ƙago a nan take ya karanta.

Yanzu sai mu zo ga kiɗan kansa. Kada wani ya ce maka abin da ake kaɗawa yau shi ne ainihin abin da Boya ya kaɗa. A zamaninsa ba a bar wani rubutun kiɗa ba. Rubutu mafi tsufa na Ruwa Mai Gudu da ke hannu yana cikin wani littafi mai suna Shenqi Mipu, wanda aka buga a 1425. Wanda ya tattara shi ɗan sarki ne, Zhu Quan, ɗa na 17 ga sarkin da ya kafa daular Ming. Ya haɗa kiɗa 64 a ciki. Shi ne ya yi bayanin cewa asali Dogon Dutse da Ruwa Mai Gudu kiɗa ɗaya ne, sai a zamanin daular Tang aka raba su biyu, daga baya a zamanin daular Song aka yanka Ruwa Mai Gudu kashi takwas.

Yadda suke rubuta kiɗan ma abin ji ne. Sukan gutsuro ɓangarorin haruffansu su haɗa su wuri ɗaya, harafi guda ya gaya maka wace tsirkiya za ka taɓa, da wane yatsa, ciki ko waje, da inda hannun hagu zai danne. Amma ba ya faɗa maka tsawon lokacin da za ka tsaya a kan kowane sauti. Kamar a kwatanta maka hanya ne, a ce ka bi ta nan ka karya ta can, ba a ce ka yi gudu ko ka yi tafiyar hawainiya ba. Wannan sai a gaban malami, hannu da hannu. In kuwa malaman da suka san wani kiɗa sun ƙare, sai wani gwani ya zauna da littafin wata da watanni yana gwadawa har ya tayar da shi. Saboda haka kiɗa ɗaya yakan fito da fuska daban-daban gwargwadon gidan da mutum ya yi koyo.

Fuskar da ta fi shahara a yau ta fito ne daga lardin Sichuan, ƙasar duwatsu da koguna masu ƙarfi. Wani malamin addinin Dao da ya zauna a dutsen Qingcheng, Zhang Kongshan, shi ya ƙara wa kiɗan wani sashe sabo, aka buga shi a littafi a 1876. A wannan sashe ɗan yatsa na kusa da ƙarami yana share tsirkiyoyin gaba ɗaya zuwa waje, manuni yana sharo su zuwa ciki, a jere ba tsayawa, hannun hagu kuma yana can yana jan zaren kiɗan a tsakiyar wannan guguwa. Mutane suka laƙaba masa suna mai shara 72.

In ka saurare shi, ga abin da za ka ji. Farko a hankali yake, sauti ɗaya a ƙasa, ɗaya a sama, da tazara a tsakaninsu, kai ka ce dutse ne a cikin hazo. Sai wasu 'yan sautuka sirara masu tsabta su biyo, waɗanda ake samu in an ɗora yatsa a kan tsirkiya ba tare da an danne ba. Wannan ɗigon ruwa ne daga idon marmaro. Ɗigo ya zama ƙorama, kiɗan ya miƙe yana tafiya da daɗi. Can sai ka ji an shiga sharar nan ta Zhang Kongshan. Duk wanda ya taɓa tsayawa a bakin rafi bayan ruwan Agusta, ya ga yadda yake tumbatsa yana juyi yana cin gaɓa, zai gane wurin nan ba sai an yi masa tafinta ba. Bayan haka ruwan ya faɗa fili, ya lafa, kiɗan ya ƙare da 'yan sautukan nan sirara, sai shiru.

Saura ƙiris duk wannan ya salwanta. Bayan faɗuwar sarauta a 1912, da yaƙe-yaƙen da suka biyo baya, masu ilmin da ke riƙe da gucin suka watse, matasa suka koma ga kayan kiɗan Turawa. A 1956 wani masani, Zha Fuxi, ya zaga ƙasar da abokan aikinsa biyu da na'urar ɗaukar sauti suna neman makaɗan da suka rage. A ƙasa mai mutum sama da miliyan 600 a lokacin, waɗanda suka samu ba su kai ɗari ba. A cikin tsofaffin gwanayen wancan zamani akwai Guan Pinghu, wanda aka haifa a 1897. Ya sha talauci a birnin Beijing, har gyaran tsofaffin kayan katako ya yi don ya ci abinci, sai a farkon shekarun 1950 aka ɗauke shi aiki a wata cibiyar binciken kiɗa, aka ɗauki kiɗansa a faifai. Ya rasu a 1967. Bai san inda Ruwa Mai Gudu nasa zai je ba.

Shekara goma bayan rasuwarsa, hukumar binciken sararin samaniya ta Amurka, NASA, ta shirya kumbo biyu marasa matuƙi, Voyager na ɗaya da na biyu, don su je su ɗauko hotunan manyan duniyoyi irin su Jupita da Satan, daga nan su wuce ba dawowa. Sai aka ce tun da za su fita, a liƙa wa kowanne saƙo. Aka naɗa kwamiti a ƙarƙashin wani masanin taurari, Carl Sagan. Suka yi faifai irin na garmaho, na jan ƙarfe da aka shafe da ruwan zinariya, faɗinsa santimita 30. A ciki akwai gaisuwa da harsuna 55, har da Larabci, Hausa dai ba ta samu shiga ba. Akwai ƙarar iska da tsawa da kukan tsuntsaye, da hotuna fiye da ɗari, da kiɗa na kamar minti 90 daga sassan duniya, ciki har da waƙar 'yan matan dajin Kwango.

Da aka zo kan ƙasar Sin, wata 'yar kwamitin, Ann Druyan, ta rasa abin da za ta zaɓa daga tarihin dubban shekaru. Ta buga waya ga wani malamin kiɗa ɗan asalin Sin a Jami'ar Columbia da ke New York, Chou Wen-chung. Bai yi wata-wata ba ya ce Ruwa Mai Gudu, na hannun Guan Pinghu. Aka sa shi, minti 7 da daƙiƙa 37, kuma a duk faifan babu kiɗan da aka ba lokaci kamarsa. Aka harba Voyager na biyu ranar 20 ga Agusta 1977, na ɗaya kuma ranar 5 ga Satumba.

Sauran tambayarka, wa zai ji? Su kansu masu aikin ba su ɓoye ba, sun ce da wuya ƙwarai wani ya tsinci faifan. Ko akwai wasu halittu masu hankali a can, Allah ne masani. Sun dai haɗa da allurar sa faifan, suka zana yadda ake amfani da ita a jikin murfin, ko da za a dace. Voyager na ɗaya ya fita daga yankin da iskar rana ke kaiwa a watan Agusta 2012, zuwa 2024 kuma ya yi nisan sama da kilomita biliyan 24, har saƙon rediyo daga nan yakan yi kusan kwana guda kafin ya isa gare shi. Masana sun ƙiyasta sai ya yi kamar shekara 40,000 kafin ya gifta kusa da wani tauraro. Mu dai abin da ya ba mu sha'awa shi ne, a cikin duk kiɗan Sinawa, wanda aka aika neman mai ji shi ne wanda tun asalinsa labarin neman mai ji ne.

A nan duniya kuwa gucin ya farfaɗo. A 2003 hukumar UNESCO ta sa shi cikin manyan kayan gadon ɗan Adam, yanzu ana koyar da shi a makarantun kiɗa, ko da yake yawancin masu koyo da tsirkiyar ƙarfe da aka naɗe da roba suke yi, wadda ta fi ƙara, tsofaffi kuwa suna cewa ba ta kai ta siliki daɗi ba.

Gargaɗi ɗaya ga 'yan kasuwarmu masu zuwa Guangzhou sarin kaya, da wanda zai sa yaro ya nemo masa kiɗan a waya. Akwai wani abin kiɗa ɗan'uwan gucin, sunansa guzheng, ya fi shi girma da ƙara, tsirkiyarsa 21, shi ne aka fi ji a otal-otal da gidajen abinci. Shi ma yana da kiɗa mai suna Dogon Dutse da Ruwa Mai Gudu, labarin ɗaya ne amma kiɗan daban. In na cikin kumbon kake so, ka ce a rubuta Liu Shui tare da sunan Guan Pinghu. Ka bari sai dare ya yi, an kashe injin niƙa, yara sun kwanta, don in da hayaniya rabin sautin ba zai iso kunnenka ba.

To Malam, ka ji amsar tambayarka, a gaida mutanen majalisa. Jama'a, a ci gaba da aiko mana da wasiƙu, sai mako mai zuwa in Allah Ya kai mu. Ku huta lafiya.